Tambaya da Amsa: Ban Rubuta Fiziks Ba, Zan Iya Karanta Injiniyan Lantarki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Azare ne, shekarata 19, amma yanzu ina Bauchi wajen kawuna, ina koyon gyaran waya da haɗa sola a wani shago kusa da kasuwar Wunti. Na gama sakandare bara. Ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Kemistiri, Bayoloji da Aikin Gona, sai dai ban rubuta Fiziks ba ko kaɗan, domin tun muna aji huɗu malaminmu ya tafi, ba a kawo wani ba, aka ce mu ɗauki Jogirafi a madadinsa. Burina in karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke nan Bauchi. Wani abokina ya ce ya gani a intanet ana ɗaukar mutum ba Fiziks muddin Lissafinsa ya yi kyau. Da gaske ne? Ko in bi ta foliteknik?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Zan faɗa maka gaskiya tun da wuri don kada ka ɓarnatar da kuɗin fom: a Najeriya ba a shiga wannan kwas ba tare da Fiziks ba. Darussan da JAMB ta ajiye wa mai neman injiniyan lantarki huɗu ne, Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. A takardar sakandare kuma ana neman kiredit biyar, kuma waɗannan huɗun dole suna ciki. Kiredit ya kama daga A1 zuwa C6. Ko wanda ya rubuta ya samu D7 bai tsallake ba, balle kai da ba ka zauna masa ba. Haka abin yake a ATBU, haka yake a ABU Zariya da BUK da Jami'ar Maiduguri.

Abokinka bai yi ƙarya ba, ƙasa ce ya rikita. A Ingila akwai jami'o'in da ke cewa Lissafi ne wajibi, sannan ɗalibi ya haɗa da ɗaya daga cikin wasu darussa, ko Fiziks, ko darasin lantarki, ko Lissafi mai zurfi. Tsarinsu ke nan, kuma yaransu sun riga sun taɓa Fiziks a ƙananan ajujuwa kafin su kai matakin zaɓi. Wannan dokar ba ta aiki a Yelwa ko Gubi, wato harabobin ATBU.

Maganar foliteknik kuwa, nan ne yara da yawa ke ruɗin kansu. Je ka Foliteknik ta Tarayya da ke Gwallameji, ko ta Abubakar Tatari Ali, ka nemi difloma a fannin lantarki, Fiziks ɗin nan dai za su tambaye ka. IJMB, wato shirin share fagen shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ita ma ba mafaka ba ce: Lissafi, Fiziks da Kemistiri za ka karanta a can, kuma ranar da ka je neman shiga aji biyu a jami'a sai an buƙaci takardarka ta sakandare a cike.

To mene ne abin yi? Ka ware shekara guda ka koyi Fiziks, ka rubuta shi a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. WAEC na shirya irin wannan jarrabawar sau biyu a shekara, NECO na yin tata wajen ƙarshen shekara, akwai kuma NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci. Jami'o'i da yawa na karɓar sakamakon zama biyu, wato ka haɗa takardar da kake da ita da sabuwar, amma kada ka dogara da ji-ta-ji-ta, ka buɗe kundin JAMB na shekarar da za ka nema ka karanta sharaɗin jami'ar da idonka. Wani abin da zai sauƙaƙa maka: a jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu ba a shiga ɗakin gwaji, tambayoyi ake bayarwa masu zanen kayan awo, ka karanta ma'auni, ka cike jadawali, ka zana giraf. Sai dai wanda bai taɓa riƙe kayan ba yakan sha wuya a nan, don haka ka nemi malamin da zai nuna maka su a zahiri.

Na san za a samu mai raɗa maka cewa akwai cibiyar da za ka biya a rubuta maka amsa a allo. Ina roƙonka don Allah kada ka kusance ta. Na daɗe ina koyar da wannan darasin a Bauchi, kuma na ga yadda irin wannan kiredit ɗin ke ƙarewa. JAMB a kwamfuta ake yi, tambaya 40 na Fiziks na jiranka, maki 100 cikin 400, ba mai tsaya maka a kai. In ma ka lallaɓa ka wuce, shekarar farko a jami'a galibi Fiziks ne da Lissafi da Kemistiri, kuma da sakamakonsu ake tantance wanda zai ci gaba. Karatun shekara biyar ne, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Abin da ya faranta min rai a wasiƙarka shi ne shagon nan. Kai ba baƙon Fiziks ba ne kamar yadda kake zato. Duk ranar da ka ɗora mita a kan batir ka ga bolt 12.6, ka ce ya cika, ko ka haɗa batir biyu masu bolt 12 a jere don inbata mai bolt 24, darasin Fiziks na sakandare kake yi da hannunka. Ka taɓa lura waya siririya na ɗaukar zafi in an ɗora mata lodi mai yawa, har robarta ta yi laushi? Maigidanka zai ce maka a sa mai kauri, kuma ya yi daidai. Fiziks ne zai gaya maka dalili: siririyar waya ta fi turje wa wuta, kuma in wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Shi ne zai sa ka lissafa kaurin wayar tun kafin ka je saye. Farantin solar da kake hawa rufi ka ɗaura, da 'yan ƙananan ƙwayoyin da kake ɗagawa da iska mai zafi a allon wayar hannu, galibi da sinadarin silikon aka yi su, kuma yadda silikon ke barin wuta ta wuce ko ya tare ta shi ne zuciyar kwas ɗin da kake so. Shi ya sa ban ga laifin jami'a ba da ta kafe a kan wannan sharaɗi. Laifin da na gani na barin yara shekara uku ba malami ne, kuma ba kai ka jawo shi ba.

Ka fara da ɓangaren motsi da ƙarfi da awo, kada ka yi tsalle zuwa lantarki don shi ka fi so, domin tambayoyin daga ko'ina suke fitowa. Ka samu tambayoyin shekarun baya ka riƙa warwarewa bayan sallar Asuba kafin a buɗe shago. Ka zauna da kawunka ka bayyana masa cewa jinkirin shekara guda ne, ka roƙi maigidanka ya riƙa sallamarka da La'asar ranakun darasi. In sakamako bai fito ba lokacin rajistar JAMB, kana iya cikewa a matsayin mai jiran sakamako, amma da zarar ya fito ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinka, don ba a ba da gurbi sai an gan shi a can. Allah ya ba da sa'a, ka kuma rubuto min in ji yadda ta kaya.