Wane gini ne wancan a tsakiyar kogin Rhine a garin Kaub na ƙasar Jamus?

Ka ce ka hango wani farin gini kamar jirgin ruwa a tsakiyar kogi daga tagar jirgin ƙasa, kana tambaya ko fadar sarki ce. Mutane da yawa haka suke zato, amma wurin karɓar haraji ne, sunansa Pfalzgrafenstein. Sarki Ludwig na Bavaria ya fara gina shi a 1326, duk jirgin kaya da zai wuce sai ya tsaya ya biya, shi ya sa aka dasa shi kan tsibirin dutse inda ba hanyar kaucewa.

Abin da 'yan Kaub suka fi alfahari da shi kuwa shi ne daren shiga 1814, lokacin da Janar Blücher na Prussia, tsohuwar daular Jamusawa, ya tsallaka da sojojinsa ta nan yana bin rundunar Napoleon, har gidan tarihi suka yi masa a garin, ƙarami ne amma wallahi kada ka wuce shi.

In za ka je, da ƙaramin kwale-kwale ake shiga tsibirin, kuma in ruwa ya cika ba ya tashi, to ka duba tukuna kafin ka kama hanya. In bincike kake na makaranta, ma'aikatan ma'adanar tarihi ta jiha a Koblenz za su nuna maka tsofaffin takardu.