Sau nawa ake yi wa feda mai kama takalmi sabis?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kusan shekara guda ke nan ina hawa keke da fedar nan da takalmi ke maƙalewa a jikinta, samfurin Shimano SPD. Ban taɓa kwance ta ba, ga shi kwanan nan tana ƙara idan ina hawa tudu. Sau nawa ya kamata a yi mata sabis, kuma me ake yi mata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abubuwa uku ne ke aiki a irin wannan feda, kuma kowanne da nasa lokacin: maƙalin da aka ɗaure a ƙasan takalmi, da sifirin ɗin da ke cafke shi, sai boris da ke juyawa a kan sandar cikin feda.

Ƙarar da kake ji, galibi daga wurin haɗuwar maƙali da sifirin take fitowa, ba daga ciki ba. Ka goge laka da yashi da buroshi, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man sarƙa a kan sifirin da wurin da yake lanƙwashewa, sannan ka share abin da ya yi saura, domin mai da yawa ƙura yake tarawa. Wannan aikin duk wata ne, ko duk lokacin da ka dawo daga ruwa ko taɓo. Ka duba sukuru biyun da ke riƙe da maƙalin da alinki mai milimita 4. Kamfanin Shimano ya ce a ɗaure su da ƙarfin Nm 5 zuwa 6 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Kada ka raina su. Idan ɗaya ya faɗi, za ka murɗa dunduniya takalmi ya juya amma maƙali ya ƙi fita, sai ka faɗi da keken a tsaye.

Maƙali ne ke fara cinyewa. Na SPD ƙarfe ne kuma yana lume a cikin tafin takalmi, don haka yana iya shekara biyu ko fiye. Na keken tsere irin SPD-SL da Look Keo kuwa roba ce mai tauri da ke taka ƙasa, wanda ke yawan tafiya da shi a ƙafa zai iya canza shi cikin 'yan watanni. Alamar ya ƙare ita ce ƙafa ta riƙa zamewa ba ka so ba, ko ta yi wuyar fita, ko ka ji tana rawa. Mutane da yawa sukan ƙara ɗaure sukurun sifirin a nan, wanda ba magani ba ne. Kafin ka cire tsohon, ka zagaye shi da alƙalamin maka a jikin takalmi don sabon ya zauna daidai wurin, saboda 'yar karkata kaɗan tana iya jawo ciwon gwiwa. Ka shafa giris a sukurun kafin ka mayar.

Boris kuwa, sau ɗaya a shekara ya ishi mai hawa na yau da kullum, duk wata shida ga mai yawan shiga ruwa. Amma hannu ya fi kalanda faɗin gaskiya. Juya fedar da yatsa: idan tana tafiya sumul da ɗan nauyin giris, ƙyale ta. Idan tana gurza kamar da yashi a ciki, ko tana wulwulawa sakayau ba tsayawa, giris ya bushe. Sai ka kama ta ka girgiza gefe da gefe. Idan akwai rawa, a gyara nan take, don boris mai rawa shi ke cinye wurin da yake birgima, kuma daga nan sai sabuwar sanda.

Sabunta giris a fedar Shimano ba ya da wuya. Cire fedar daga keke, ka kwance zoben da ke riƙe sandar. Na roba yana buƙatar ɗan makullin TL-PD40, na ƙarfe kuma galibi sifana mai milimita 17. Ka lura, zoben fedar dama tiredinsa na hagu ne, wato zuwa dama ake kwance shi. Zaro sandar gaba ɗaya, ka goge ta da ramin da tsumma, ka zuba sabon giris kamar kashi ɗaya cikin uku na ramin, sannan ka mayar a hankali. Tsohon baƙin giris zai riƙa fitowa ta gefen hatimin roba da kansa. Ba sai ka taɓa ƙananan ƙwallayen boris ɗin ba in dai babu rawa. Idan akwai, noti biyu ne a bakin sandar ake saitawa, kuma aiki ne na mai haƙuri, gara ka kai wa wanda ya saba.

Wajen mayar da feda jikin keke, ka shafa giris a tiredi, ka fara da hannu kafin sifana, ka ɗaure da ƙarfin Nm 35 zuwa 55. Ta dama ana ɗaure ta zuwa dama, ta hagu zuwa hagu. Idan ƙarar ba ta tafi ba bayan duk wannan, sai a duba boris ɗin tsakiyar keke.