Sun amsa mini da layi ɗaya, suka rufe maganar: wulaƙanci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗalibi ne ni a Gusau, ina koyon Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta. Wata buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya dubawa ya gyara) ta ƙi aiki, sai na rubuta wa masu kula da ita a GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan manhajoji ana kai koke a kansu. Na gaishe su, na ce "ba ta aiki, a taimaka da gaggawa". Wani ya amsa da layi ɗaya: "Wace siga? Ina saƙon kuskuren?" Ban sake cewa komai ba, daga baya aka rufe maganar. Ko don daga Najeriya nake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da wuya ne don ƙasarka. A wurinmu, wanda ya shiga magana ba sallama ba gaisuwa ya nuna rashin tarbiyya. A can kuwa girmamawa ita ce kada ka ɓata wa mutum lokaci. Yawancin masu kula da irin waɗannan manhajoji aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga wurin aiki, ga koke-koke jibge a gabansu. Wanda ya ce maka "wace siga?", wato wane fitowa na manhajar kake amfani da shi, ya riga ya fara taimakonka. Kai ne ka yi shiru, shi ya sa aka rufe.

Su ma sun yi wa taka maganar wata fahimta daban. "Da gaggawa" a kunnensu umarni ne, kamar ka biya kuɗin aiki. "Ba ta aiki" kuma tamkar ka kai babur wurin bakanike ne ka ce "ya lalace", ka juya ka tafi.

Kafin ka sake rubutu, karanta fayil ɗin CONTRIBUTING.md, mai bayanin yadda ake kai koke ko ba da gudummawa, idan akwai, sannan ka bincika koke-koken da aka riga aka rufe, domin sau da yawa amsar tana nan. In ba ka samu ba, faɗi sigar Python ɗinka (python --version zai nuna maka), sigar manhajar (pip show da sunanta), da tsarin da kwamfutarka ke aiki da shi, ko Windows ne ko Ubuntu. Rage umarnin Python da ka rubuta zuwa layi goma ko sha biyar da za su fito da matsalar a kwamfutar kowa. Kwafo saƙon kuskuren gaba ɗaya a rubuce. Hoton allo da aka ɗauka da waya, ga ƙyallin fitila ya rufe rabinsa, ba mai iya kwafar komai daga ciki. Gaisuwa kalma ɗaya ta isa, godiya kuma a ƙarshe.

Ka yi haƙurin jira: idan mutumin yana Kalifoniya, muna gabansa da awa 8 ko 9, gwargwadon lokacin shekara. Kada ka riƙa ambaton sunansa kullum kana tambayar ina aka kwana.

Zagi ko gori kan ƙasa ko addini daban ne. Wannan a duba fayil ɗin CODE_OF_CONDUCT.md, mai ƙa'idojin ɗa'a, idan akwai; yakan faɗi inda ake kai ƙara. Naka kuwa, koma ƙarƙashin maganar da aka rufe, saka bayanan nan, ka roƙi a sake buɗe ta.