Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Jirgi na Biyu ga Mai Son Koyon Alkafura

Filin nan na waya da kwamfuta ne, amma tun ranar da na yi suɓul da baka na ce ina tuƙa jirgi mai saukar ungulu na rimot, sai saƙonnin masu wannan sha'awa suka fara shigowa, mafi yawansu ma daga karkara, inda fili yake a wadace. Na tara su wuri ɗaya a wannan makon, masu tambaya kan WhatsApp su yi haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Shekara guda ke nan ina tuƙa ƙaramin jirgi samfurin WLtoys V911, kuma yanzu ina iya zagaya filin makaranta da shi in sauke shi inda nake so. Ina son in sayi na biyu domin in koyi alkafura da tashi a kife, irin wanda nake gani a YouTube. Na sayar da riɗi buhu biyu, kuma wani ya yi mini tallan T-Rex 450 na hannu da araha, ya ce gyara kaɗan yake buƙata. Shin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka saya. Da na tsaya a nan, amma wannan tambaya ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan duk wanda ya iya tayar da ƙaramin jirgi sai idonsa ya faɗa kan babba. Ka kuma sani cewa "gyara kaɗan" a bakin mai sayar da kayan hannu, ko waya ce ko babur ko jirgi, fassararsa guda ce: ya gwada gyarawa ya kasa.

Jirginka na yanzu yana hawa idan ka ƙara wa injin gudu, yana sauka idan ka rage, saboda fuka-fukan farfelarsa a kafe suke a karkata ɗaya. Jirgin alkafura kuwa farfelarsa tana juyawa da gudu ɗaya daga tashi har sauka, abin da ke canzawa shi ne karkatar fuka-fukan, daga kimanin digiri 12 sama zuwa kimanin digiri 12 ƙasa, kuma wannan karkata ta ƙasa ita ce ke riƙe shi a sararin sama idan ya kife. Shi ya sa yake buƙatar tasha shida a rimot, wato hanyoyi shida na aika wa jirgi umarni, maimakon huɗu da ka saba da su. A nan ne shekararka guda za ta juya maka baya. Babban yatsanka na hagu ya riga ya haddace cewa da zarar ka firgita sai ya ja sandar rimot ƙasa, injin ya mutu, jirgin ya faɗo a hankali ba tare da wata ɓarna ba. A kan sabon jirgin, idan ka kunna tsarin alkafura, jan wannan sanda ƙasa umarni ne ka ba shi ya soka kansa cikin ƙasa da dukkan ƙarfinsa, farfela tana kan juyawa. Akwai makunni na musamman na kashe inji kafin jirgi ya taɓa ƙasa, kuma kafin yatsanka ya saba zuwa wurinsa ba tare da ka yi tunani ba, za ka sha faɗuwa har ka daina ƙirgawa.

Tun da faɗuwa ta zama dole, lissafin da ya kamata ka yi kafin ka taɓa kuɗin riɗin nan shi ne nawa faɗuwa ɗaya za ta ci. T-Rex 450 na kamfanin Align da ke Taiwan jirgi ne mai kyau, ba ni da ja a kan haka. Sai dai nauyinsa ya haura gram 700, tsawon kowane fiffike milimita 325 ne, kuma farfelar tana juyawa kusan sau 3,000 a minti. Idan ya daki ƙasa, yawanci fuka-fukan sun tafi, sandar ƙarfen da ke riƙe da su ta lanƙwashe, haƙoran giyar roba sun zube, bututun jela ya tanƙware, wataƙila har da sarbo ɗaya ko biyu, wato ƙananan injinan da ke karkatar da farfela. Bayan ka sauya su duka, sai ka zauna da ma'aunin karkata ka daidaita komai daga farko, aikin da ke cin yini guda ga wanda ya iya. Haka kuma kasuwa ta cika da kwaikwayon wannan samfuri, kuma kayan gyaran na asali ba koyaushe suke zama daidai a jikin na kwaikwayo ba. Ban ma zo kan abin da ya fi damuna ba: kai malamin firamare ne, da ka tayar da jirgi yaran ƙauyen za su kewaye ka, kuma farfelar da ke wannan gudu tana yanka nama har ƙashi.

Ni ma na bi wannan hanya, shi ya sa nake ɗaga murya. Jirgina na biyu babba ne na hannu, kuma a tashi na uku na juyo da hancinsa ya fuskance ni, dama ta koma hagu a idona, kafin in ankara ya shige cikin darbejiyar bakin fili. Ganye ya yi ta zubowa kamar ana kakkaɓe ta, ni kuma na tattara gutsattsarin a cikin hulata. Wata biyu na yi ina jiran kayan gyara, kuma da suka iso sai tsoro ya hana ni yin komai da shi illa in tsayar da shi cak a sama in sauke. Wanda ke tsoron kuɗin faɗuwa ba ya gwada sabon abu, kuma alkafura gaba ɗayanta sabon abu ce.

Abin da zan ce ka saya shi ne XK K110S. Nauyinsa kimanin gram 60 ne, yana aiki da batir mai ɗaki ɗaya, kuma yana da tsari biyu: 6G, wanda ke miƙar da jirgin da kansa idan ka saki sanda, da 3D, wanda ke barinka da halinka. Idan ka kashe injin kafin ya faɗa kan ciyawa ko ƙasa mai laushi, sau da yawa ɗauka kawai za ka yi ka hure ƙura ka sake tashi. Yana da aibinsa, kada wani ya ce na ɓoye. Injin jelarsa mai gawayi ne, yana cinyewa, sarbo ɗinsa ba su da juriya, kuma iska mai ƙarfi tana wasa da shi kamar leda. Idan aljihu ya yarda, OMPHobby M1 ko Goosky S1 sun fi shi natsuwa a sama, kuma injinsu a haɗe yake kai tsaye da farfela, babu giya ko bel da yashi zai shiga ya ci, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Jigawa. Sai dai sun fi shi tsada sosai, haka ma kayan gyaransu. Babban yayan M1, wato M2, ka bar shi ya zama jirgi na uku.

Kuɗin kuma kada ka zuba su duka a jirgi. Ka sayi wanda ake sayarwa ba tare da rimot ba, ka haɗa da rimot na RadioMaster mai tsarin 4-in-1, wato mai jin yaren jirage iri-iri, wanda zai yi magana da K110S ta yaren S-FHSS na kamfanin Futaba, ya kuma bi ka zuwa jiragen da za ka saya nan gaba. Abin da ya rage ka sayi batir huɗu ko biyar, domin kowanne minti huɗu zuwa biyar kawai yake yi, da fuka-fukai, da injin jela biyu, da sarbo, da giya, da ƙafafun sauka, duk a oda ɗaya da jirgin. Kada ka sa rai za ka shiga Farm Centre ko kasuwar Sabon Gari ka same su kamar gilashin waya. Daga Sin za su taso, kuma makonni suke yi a hanya.

Yanzu ga wa'azin da na saba, wanda na san wasu masu karatu sun gaji da shi. Kafin jirgin ya iso, ka haɗa rimot ɗin da kwamfuta ta wayar USB, ka buɗe manhajar kwaikwayon tuƙi, ko Heli-X ko neXt ko AccuRC ko RealFlight, ka riƙa yin minti ashirin kullum bayan isha'i. A can faɗuwa kyauta ce. Kuma ka bi tsari: tsayuwa cak jela tana fuskantarka, sannan gefen dama, sannan gefen hagu, sannan hanci yana kallonka, sannan zagaye ta kowane ɓangare, sannan zagaye mai siffar lamba 8. Sai waɗannan sun zauna a hannunka za ka gwada alkafura ta farko, can sama inda akwai sararin gyara kuskure. Tsayuwa a kife ita ce ta ƙarshe, domin a nan sandar hagu take juya ma'anarta, ƙasa ya zama sama. Zagaya filin makaranta da kake alfahari da shi, Malam, aji ɗaya ne a wannan makaranta.

Game da fili, ka fita bayan asuba kafin iska ta taso, musamman da hunturu. Ka shimfiɗa tsohuwar tabarma ka riƙa tashi da sauka a kanta, saboda maganaɗisun da ke cikin injin yana tsince baƙin garin ƙarfen da ke cikin yashi. Ka guji gonar da aka girbe aka bar kututturen dawa a tsaye, sannan ka ja wa yaran layi a bayanka, ka naɗa babbansu monita.

Tambaya: Yallaɓai, ni ɗalibi ne daga Sumaila. Manhajar kwaikwayon tana tsinkewa a tsohuwar kwamfutata. Ba zan iya koyo da irin ta waya ba?

Amsa: Shafa gilashi ba ya koya wa yatsa riƙon sanda, ƙanena, sai dai ya koya maka cin maki. Ka jona kwamfutar da caja, domin tana rage ƙarfinta idan tana kan batir, ka rufe Chrome da shafuka talatin ɗin da na san ka buɗe, ka rage ingancin hoto, ka kashe inuwa da hayaƙi. Heli-X yana da na gwaji kyauta, ka fara da shi.

Tambaya: Injiniya, ina da shagon cajin waya da sola a wajen Gumel. Batir biyu na jirgina sun kumbura kamar ƙosai. Wani ya ce in huda su da allura iskar ta fita.

Amsa: Wanda ya ba ka wannan shawara, ka tambaye shi ko yana da wani shagon da zai ba ka idan naka ya ƙone. Batirin LiPo, wato irin wanda waɗannan jirage ke amfani da shi, idan aka huda shi yana kamawa da wuta, kuma wanda ya kumbura ya gama aiki. Ka fitar da su daga shagon yau, ka sa su a tukunyar ƙasa da yashi, nesa da kara da fetur. Dalilin kumburin ba ya wuce uku: ka bar su cike na kwanaki, ko ka tsotse su har jirgi ya kasa tashi, ko kuma zafin rufin kwano na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya dafa su. Kowane ɗakin batir cikarsa bolt 4.2 ne, ka sauka kafin ya yi ƙasa da 3.5, kuma idan za ka ajiye shi fiye da kwana biyu ka bar shi a wajen 3.8. Ka bar shi ya huce kafin ka mayar da shi caji, kuma kada ka tafi masallaci ka bar shi a jone a tsakanin wayoyin jama'a.

Tambaya: Na sayi rimot ɗin RadioMaster Pocket, amma ya ƙi haɗuwa da K110 ɗina. Ni ma'aikaciyar asibiti ce a yankin Dambatta.

Amsa: Hajiya, ki duba kwalin. Idan an rubuta ELRS, kin sayi wanda ba ya jin yaren jirginki, kuma babu saitin da zai koya masa. Ki sa masa ƙaramin akwatin 4-in-1 a ramin da ke bayansa, ko ki musanya shi da mai CC2500, wato nau'in da ke jin yaren jirginki. Kafin nan yana aiki da kwamfuta lafiya lau, ki ci gaba da atisaye.

Tambaya: Shin ana buƙatar izini kafin a tashi irin wannan jirgi? Ina zaune a wani ƙauye da ba shi da nisa da Dutse.

Amsa: Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa tashin jirage marasa matuƙi yana buƙatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, saboda haka ka karanta ƙa'idojinta a shafinta na intanet kafin ka sayi babba ko mai kyamara. Kada ka kusanci filin jirgin sama na Dutse, ko barikin soja, ko ofishin 'yan sanda, komai ƙanƙantar jirginka. Sannan a irin wannan zamani da kowa ke ɗar-ɗar da abin da ke shawagi a sama, ka je ka gaida dagaci ka nuna masa jirgin a hannu, ya juya shi ya ga babu kyamara, kafin wani ya riga ka kai masa labari.