Bar babur ɗinka, gilashin ba shi da laifi

Jiya muna rufe shago ka ce min hotunan da ka ɗauko a Yankari ba su yi ba: giwar ta fito kamar ƙwaro a tsakiyar daji, gwankin kuma dishi-dishi. Shi ne kake shawarar sayar da babur ɗinka ka sayi dogon gilashin kyamarar nan (lens) mai 150-600mm, irin wanda ka gani rataye a wuyan wani baƙo a sansanin Wikki. Na ce ka bar min katin kyamarar in duba tukuna. To na duba, ɗana. Kada ka taɓa babur ɗin nan.

Mu fara da gwankin. Kyamara ba ta ɓoye komai, duk abin da ka yi tana rubutawa a jikin hoton. Ka zuƙo gilashinka mai 70-300 har ƙarshe, ƙofar haske tana f/16, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) kuma 1/80 na daƙiƙa. Na gane abin da ya faru: ka ɗauki kogin Gaji, ka bar saitin a haka, gwanki ya ɓullo, zumuɗi ya kama ka. Kyamararka Canon ce mai ƙaramar sensa (farantin da hoto ke sauka a kai), wadda ke ninka tsawon gilashi sau 1.6. Ke nan 300 ɗinka a wurinta kamar 480 ne. Ƙa'idar da aka koya mana tun zamanin fim ita ce, in kana riƙe da kyamara a hannu, saurin shata kada ya gaza tsawon gilashin, wato a nan 1/500 ko sama. Kai kuwa kana 1/80, a bayan mota, inji yana aiki, ƙarfe yana kakkarwa. Da ka buɗe zuwa f/8 ka ɗaga ISO zuwa 400, da ka samu wajen 1/1250 a wannan hasken dai, da gashin wuyan gwankin ya fito ɗaya-ɗaya. In da mai 600 ne a hannunka ranar, rawar hannun ce za ta ninku, ka dawo da dishi-dishi mai tsada.

Giwar kuwa iska ce ta cuce ka. Ƙarfe ɗaya saura ka ɗauke ta, daga nesa sosai. A wannan lokacin ƙasa ta gasu, zafi yana tashi, ka san kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta da rana tsaka? Ita ce tsakaninka da giwar. Ga hazon hunturu a kai, tunda a Janairu ka je. Dogon gilashi abin da ke gabansa yake girmamawa, da dabbar da ƙurar da zafin gaba ɗaya. Ko na miliyoyi ka ɗora, abin da za ka samu ke nan. Maganinsa ka fita da sassafe ko da yamma liƙis, kuma ka koma wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya ƙafe a sauran dajin, ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a bakin Gaji. A lokacin su ne za su matso. Amma fa ban ce ka sauka daga mota ka bi giwa ba, balle mai ɗa. Abin da ma'aikacin gandu ya ce, shi za ka yi.

Wata dabara kuma da ba ta cin ko sisi: ka cika tsohuwar safa da gero, ka ɗaure bakinta, ka ɗora a kan ƙarfen motar, ka kwantar da gilashin a kai. Ka roƙi direba ya kashe inji na minti ɗaya. Ni da ita nake aiki har yau.

Ba wai dogon gilashin ba shi da rana ba ne. In tsuntsaye za ka bi a fadamar Haɗeja da Nguru, wajen Dagona, inda waɗanda suka gudo wa sanyin Turai suke sauka da rani, nan kam 300 zai gajarta maka, don tsuntsu ƙarami ne kuma ba ya yarda a kusance shi. Sai dai ka sani nauyinsa ya kusa kilo biyu, kuma in ka zuƙo shi ƙarshe f/6.3 yake buɗewa, mayen haske ne. Ranar da wannan tafiyar ta taso sai mu yi hayarsa na kwana uku. In hannunka ya iya, kuma hotunan suka kawo kuɗi, sai a yi maganar saye.

Na lura kuma kana raina ɗan gilashi mai 18-55 da ya zo da kyamarar. Sa shi a f/8 ka ga aiki. Kuskurenka a hoton fili daban ne: da ka ga dutse ko kogi sai ka koma 18 don komai ya shiga, komai kuwa ya shiga ya ƙanƙance. Dubi na Dutsen Zuma da ka ɗauka a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja: rabinsa kwalta ne da tankar mai, dutsen yana can baya kamar tulu. Ka ja da baya nesa, ka sa 70-300 ɗin nan a wajen 100, ka ga yadda dutsen zai taso ya rufe kan gidaje. Har hazon da ya ɓata maka giwa, a hoton tsaunuka da safe ado ne, yana jera su wani bayan wani, na gaba da duhu, na baya fari-fari.

In ma wata rana za ka sayi gilashi na hannu, ka tafi da tocila. Ka cire murfi biyun, ka haska ta baya, ka leƙa ta gaba. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, damina ta shige shi, ajiye masa kayansa. Ni an taɓa yi min haka ina yaro a sana'ar, na biya kuɗin aikin biki biyu a shago mai duhu, sai a gida na ga abin da na saya. Kuma ka daina canza gilashi a fili in iska tana kaɗawa, na ga ɗigon ƙura uku a sararin samaniyar duk hotunanka.

Ranar Asabar bayan asuba ka same ni a bakin mahauta da kyamararka. Shirwa tana shawagi a wurin ba iyaka. Za ka sa shata a 1/2000, ka bi guda ɗaya, ka nemi idonta. Ka zo da safar geron, a kan katanga za mu ɗora.