Siririya ce, ba ta cin maiƙo, to ina kitsen jini ya fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Koriya ta Kudu, matar da nake haya a gidanta ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, shekarunta 54, siririya ce, abincinta shinkafa da ganye da kifi da kimci, amma an ce kolestirol ɗinta, wato kitsen jini, ya hau har an ɗora ta a kan magani, alhali na mijinta da ya girme ta sauka ma ya yi. Dan Allah ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da kika damu da ita. Wannan ba baƙon abu ba ne a can, binciken lafiya da abinci da gwamnatin Koriya ke yi wa jama'arta tun 1998 ya daɗe yana nuna hakan.

Mazan Koriya da wuri nasu ke hawa, daga ƙuruciya zuwa shekara arba'in da wani abu ko hamsin, sai ya fara sauka. Akwai kuma maiƙon da ake kira tirigilisaraid da ke addabarsu a wannan tsakanin, giyar soju da tumbi na da hannu ciki.

Mata kuwa labarinsu daban ne, kuma nan nake so ki natsu. Muddin mace na al'ada sinadarin istirojin yana taimaka wa hanta ta riƙa kwashe mugun kitsen nan LDL daga jini, shi ya sa nata ke zama ƙasa da na namiji sa'anta, to matan Koriya yawanci al'ada na ɗauke musu wajen shekara 49 zuwa 50, istirojin na janyewa sai LDL ya fara hawa, cikin 'yan shekaru ki ga ta kamo maza har ta wuce su ko da ba ta ƙara ko loma ɗaya ba. Yawancin kolestirol jiki ne ke haɗa abinsa, ba duka daga tukunya yake zuwa ba, siranta ba ta hana shi. Abin da ke sosa min rai shi ne ba ya ciwo, shiru yake taruwa a jijiya sai ranar da zuciya ta buga ko ɓarin jiki ya shanye.

A gwajin lafiya na ƙasa da hukumar inshorarsu ke yi, namiji daga shekara 24 ake auna masa kitsen jini, mace daga 40, duk bayan shekara huɗu. Jimillar kolestirol da ake so ƙasa da 200 ce, in ta kai 240 ta yi yawa, LDL kuma in ya kai 160 ya yi yawa.

Ki lallaɓa ta kar ta ajiye maganin dan ta ji garau, sai da izinin likitanta, in kin samu sarari ki raka ta tattaki da yamma. In kin kira gida kuma ki tambayi Mama yaushe rabonta da wannan gwajin, dan istirojin ɗin nan haka yake janyewa a jikin kowace mace.