Ɗan kwangilar da ya karya sulhu: ya halatta a kai ƙararsa a dakatar da lasisinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na ba wani ɗan kwangila mai lasisi aikin gina mini gida. Da na tare, ruwan sama na farko rufi ya fara yoyo, bangon ɗaki ɗaya kuma ya tsage tun daga taga har ƙasa. Na kai kuka hukumar da ke ba su lasisi, aka zaunar da mu aka yi sulhu a rubuce. Na yafe masa kashi ɗaya cikin uku na ɓarnar da aka ƙiyasta, shi kuma ya yarda zai sake rufin cikin wata biyu, ya biya ragowar kuɗin sau uku. Ya yi biyan farko, daga nan ya daina ɗaukar wayata. Yau wata bakwai ke nan, kuma ina ganinsa yana gina wa wasu. Hukumar ta ce in na sake shigar da ƙorafi tana iya dakatar da lasisinsa. 'Yan'uwana suna cewa kada in zama sanadin toshe wa Musulmi hanyar abinci. Shin ina da laifi in na kai shi? Kuma zan iya janye yafiyar da na yi, ko in nemi ƙari saboda jinkirin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. In al'amarin yana kamar yadda ka faɗa, ɗan'uwa, ba ka da laifi in ka koma wa hukumar, ita ma hukumar tana da ikon dakatar da shi bisa sharuɗɗan da za su zo.

Mutane da yawa suna ɗaukar sulhu kamar alfarma ce, wai in mutum ya ga dama ya cika, in bai gani ba ya bari. A wajen malaman fiƙihu sulhu ƙulla yarjejeniya ne mai ɗaure kowane ɓangare, yana ƙarƙashin faɗin Allah a farkon suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Tirmizi ya ruwaito daga Amru ɗan Aufu cewa Annabi (SAW) ya ce sulhu halal ne tsakanin Musulmi, sai dai sulhun da ya haramta halal ko ya halatta haram, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Malikawa sun tsananta a nan, har Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira, ya faɗa a littafinsa Tuhfa cewa sulhun da aka riga aka ƙulla ba a warware shi, tilasta su ake yi su tsaya a kansa.

Dubi abin da ya faru a masallacin Madina, wanda Buhari da Muslim suka kawo. Ka'abu ɗan Maliku ya tsare Ibnu Abi Hadrad yana neman bashinsa, muryoyinsu suka ɗaga har Annabi (SAW) ya ji daga ɗakinsa. Sai ya yaye labule ya kira Ka'abu, ya yi masa nuni da hannu cewa ya sauke rabi. Ka'abu ya ce na yi, ya Manzon Allah. Nan take Annabi ya juya wajen wanda ake bi ya ce: "Tashi ka biya shi." Masu wa'azi sun fi son tsayawa a kan rangwamen Ka'abu, su manta da wannan umurni na ƙarshe. Wanda aka sauke wa nauyi, abin da ya rage kansa shi ne ya miƙe ya biya. Kai ka yi naka irin na Ka'abu tun ranar da ka yafe kashi ɗaya cikin uku, saura nasa.

To, mene ne hukuncin wanda yake da hali ya ƙi? Hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne. A wata ruwayar ta Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah daga Sharidu ɗan Suwaidu, jan ƙafar mai hali yana halatta mutuncinsa da yi masa uƙuba. Sufyanu, ɗaya daga magabatan malaman hadisi, ya fassara wannan da cewa halatta mutuncinsa shi ne mai haƙƙi ya ce wane ya riƙe mini haƙƙina, uƙubar kuwa ita ce tsarewa. Saboda haka kai ƙorafi gaban hukuma ba giba ba ne, kuma ayar suratun Nisa'i ta 148 ta riga ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. In shari'a ta yarda a tsare jikin mutum saboda taurin bashi, riƙe masa takardar sana'a na wani lokaci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata fuska da ni na fi ganin ƙarfinta. Imamu Abu Hanifa ba ya yarda a hana baligi mai hankali sarrafa harkarsa, ko da almubazzari ne. Amma duk da haka an naƙalto daga gare shi cewa mutum uku a hana su: muftin da ke koya wa mutane dabarun kauce wa shari'a, da likita jahili, da mai hayar dabbobi da ya tsiyace. Wannan na ukun shi ne wanda zai karɓi kuɗin matafiya a kan zai kawo raƙuma, ya cinye, ranar tashin ayari a neme shi babu raƙumi babu kuɗi. Dalilin hana shi shi ne cutarwarsa ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba, duk wanda ya zo gobe zai faɗa ramin. Ɗan kwangilar da ke karɓar kafin alƙalami a sabon aiki alhali ya bar wani gida yana yoyo, ƙanin wancan mai raƙuman ne. Lasisin da ke hannunsa shaida ce daga hukuma cewa a amince masa a ba shi dukiya, kuma mai ba da shaida in ya gano saɓaninta dole ya janye. Wannan aiki ne irin na hisba, wanda tun da can yake sa ido a kan masu sana'a.

Wani zai kawo saɓanin malamai a kan tarar kuɗi. Gaskiya ne mafi yawansu sun hana, su Abu Yusuf da Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka halatta. Sai dai dakatar da lasisi bai shiga wannan saɓani ba, don ba a karɓi dukiyarsa ba.

Sharuɗɗan kuwa, na farkonsu a kira shi a ji ta bakinsa, domin ni naka ɓangaren kawai na ji. Sannan a bambanta wanda ya ƙi da wanda ya kasa. Allah ya ce a suratul Baƙara aya ta 280 in mai bashi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa lokacin yalwa. Wanda jarinsa ya karye da gaske, ko ciwo ya kwantar da shi, ba a yi masa uƙuba a kan kuɗin, sai dai a sake tsara masa biya. Amma wanda ake gani yana gina wa wasu, zahirinsa mai hali ne, shi zai kawo hujjar ƙuncinsa. Kuma ko mai ƙunci ba shi da uzurin kashe waya. Abin da ya fi dacewa da hukuma shi ne ta bi mataki-mataki, gargaɗi da wa'adi, sai dakatarwa har ya cika, kada ta kai ga soke lasisi gaba ɗaya sai ga wanda abin ya zame masa ɗabi'a. Ina kuma ganin kyawun a duba gidajen da ya riga ya fara, kada a gyara zaluncin da aka yi maka da barin wasu da gini rabi.

Maganar 'yan'uwanka ta hanyar abinci, niyyarsu mai kyau ce, amma sun juya lamarin. Mabuɗin yana hannunsa: ranar da ya sake rufin ya biya ragowar, lasisinsa ya dawo. In ka ga dama ka aika masa da saƙo na ƙarshe ta hannun wanda yake jin nauyi, ka sa masa rana, wannan kyautatawa ce ba wajibi ba. Abin da aka hana ka shi ne ƙara gishiri a ƙorafin, ko ɓoye biyan farko da ya yi, ko yaɗa shi da abin da bai aikata ba. Ka san kuma dakatarwar ba ta sauke masa bashin, yana nan a wuyansa.

Janye yafiya ya danganta da lafazin takardarku. In an rubuta cewa rangwamen yana rataye da cikawa a kan lokaci, in ya saɓa haƙƙinka ya dawo cikakke, to ya dawo, domin sharaɗi ne ingantacce. Abu Hanifa da almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan ma sun tafi a kan cewa wanda ya ce biya ni rabi gobe a kan ka kuɓuta daga sauran, in goben ta wuce ba a biya ba bashin ya koma yadda yake. In kuwa yafiyar a sake take ba sharaɗi, abin da ka yafe ya tafi, ragowar kaɗai za ka nema.

Batun ƙari saboda jinkiri, sai ka raba sulhun naku gida biyu. Kuɗin da zai biya ka bashi ne, kuma ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ne, ko da shi ya yarda. Sake rufin kuwa aiki ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke Jidda, a zamanta na 1992 kan ƙulla aikin ƙira, wato ba mai sana'a kwangilar ƙera abu ko gina shi, da zamanta na Riyad a 2000 kan sharaɗin tara, ta halatta a ɗora wa ɗan kwangila diyyar jinkirin aiki in an sharɗanta, gwargwadon cutarwar da ta auku a zahiri, matuƙar ba wani abin da ya fi ƙarfinsa ne ya hana shi ba, ta kuma hana irin wannan a kan bashi. Asalin wannan tsoho ne, Buhari ya kawo hukuncin Alƙali Shuraihu cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa ba tilas, to yana kansa. In takardarku ba ta ambaci tara ba, kana iya neman alƙali ko hukumar su sa masana su ƙiyasta ɓarnar da yoyon ya ƙara a waɗannan watanni, kamar silin da ya ruɓe ko fentin da ya ɓare, su kuma ba ka izinin ɗauko wani ya yi rufin a kan kuɗinsa. Ka ajiye hotunan ɓarnar da takardar sulhun da shaidar biyan farko kafin ka je.

Wallahu a'alam.